Jaridar da Muka Shanye

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Illa. Ba ni da ranar a rubuce, don a lokacin babu mai rubuta irin wannan a ƙauyenmu, can gabas da Bangi. Na dai san an gama yankan hatsi, ana kwasar damma zuwa gida, kuma ina goye da ɗana na biyu, wanda yau shi ma yake da nasa iyalin. Mushen da ya koya mana karatun manya shi ya matsa mini in rubuta wani abu a wannan jarida tamu da ake bugawa a Madawa, wai don a ga tsofaffin mata ma sun iya riƙe alƙalami. Ya ce in yi a kan tsabtar rijiya. Na ce masa rijiya ta jira, ba inda za ta. Ina da maganar da ta fi damuna, kuma maganar jarida ce, sai dai ba tamu ba. Ta wata ƙasa ce mai nisa, ba a taɓa samun wanda ya karanta kalma ɗaya a cikinta a duk faɗin Adar ba, amma har gobe ana ambatonta da girmamawa daga Galma zuwa Keita.

Dole in soma da shekarar da fara ta sauko, in ba haka ba yaran yanzu ba za su gane halin Yaya ba. Ina 'yar yarinya lokacin, ban kai ɗaukar tulu ba. Hatsi yana cikin fidda kai ta zo, ta bar mana kara tsaye. Muka ci anza, muka ci ƙwayar ƙarangiya, mata suka riƙa haƙa gidan tururuwa suna kwasar ɗan abin da ta tara. Da wannan ya ƙare sai mutane suka shiga kwanciya. Yaya Illa yana saurayi, mai ƙashin ƙarfi, yana cikin 'yan kaɗan da suka rage masu iya ɗaga dagi, don haka haƙan kabari ya faɗa wuyansa. Ya binne ubanmu. Ya binne ƙannenmu biyu. Ya binne maƙwabta, da baƙin da suka taso daga arewa suka faɗi a bakin hanyarmu. Su baƙin, in ya same su da sauran numfashi, sai ya sunkuya ya tambayi sunansu da na garinsu, don a san wanda ake yi wa addu'a. Duk ya riƙe su a ka.

A wannan shekarar ma gardi sun zo karɓar lanho, wato haraji, da bulalarsu. Dattawa suka kai kuka, kumandan ya aiko cewa babu yunwa a ƙasarsa, lalaci ne ya yi wa mutane yawa. Amma kada in jibga wa Nasara kayan duka, mu ma muna da namu. A Adar ba a cewa yunwa ta kashe mutum. Abin kunya ne ga dangi, sai ka ce suna da shi suka hana. Sai a ce ciwon ciki, ko kumburi, ko dai kwana ne ya ƙare. Innarmu cewa take masassara ce ta ɗauke Baba, alhali ita ce ta zauna a kansa tana ɗiga masa ruwa a baki, don babu abin da za ta dama a ciki. Kumandan ya musa don kare kujerarsa, mu kuma muka taya shi don kare fuskarmu.

Da aka samu damina mai kyau, Yaya ya tafi cin rani Sakkwato, ya ƙi dawowa. An ce aikin dole na Faransa yake gudu, kuma akwai wannan, amma ni na san garin ne ya ishe shi, ko'ina ya taka ya san wanda ke kwance a ƙasa. Shekaru suka ja. Babban yaƙi ya tashi, aka rufe iyaka, sai daga bakin masu satar ƙetarewa muka ji wai ya shiga sojan Ingilishi, ya ce musu shi mutumin can ne, an zuba su a jirgin ruwa an yi gabas da su. Inna ta yi kuka har ta gaji, ta koma sadakar gumba duk Juma'a. Bayan yaƙi ya ƙare, ran nan da hantsi, sai ga shi a ƙofar gida da manyan takalma da akwatin ƙarfe a ka. Ya rame, yana wani busasshen tari da ya ce a dajin ƙasar Bama, can bayan Indiya, ya ɗauko shi. Ni lokacin na yi aure, amma danga ɗaya ce tsakanin gidan mijina da namu, don haka kusan komai a idona aka yi.

A cikin akwatin akwai bargo, da madubi na Inna, da wani ƙunshi da ya naɗe da rigar ruwa ta soja, wanda ya ce a ƙirjinsa yake ɗaure shi tun daga can. Mutane suka matso, kowa da abin da yake zato. Ya warware, sai ga takardu manya-manya, sun fara yin ja don tsufa. Rubutun ba na Larabci ba ne, ba kuma na Nasara ba. Kowane layi yana da zare miƙe a sama, haruffa suna reto a ƙasa kamar an shanya nama a igiya. A shafin farko akwai hoto: wata mata zaune a bakin titi, ƙasusuwanta duk a waje, yaro kwance a cinyarta, da tukunya a kife kusa da ita. Inna ta duba sau ɗaya ta kau da kai.

“Wagga jarida ta,” in ji Yaya. “Ta ƙasar Bangala, can Indiya, inda anka aje mu kahin a kai mu daji. Kullum sahe aka hiddo ta, Inna. Kullum, kamar mai tallar hura.”

Inna ta ce, “To, mi taka magani?”

Ya yi dariya. “Ba ta maganin komi. Gaskiya taka hwaɗi.”

Labarin da ya ba mu, kaɗan-kaɗan, shi ne wannan. Sun iske yunwa a ƙasar Bangala wadda ta fi tamu, ga kogi ko'ina, ga shinkafa a rumbunan 'yan kasuwa da na soja, mutane suna mutuwa a titi. A barikinsu akwai wani mai wankin kaya, Musulmi, sunansa Karimu, wanda ya baro ƙauyensu da ƙafa bayan ya binne rabin gidansa. Tare suke salla, suna magana da ɗan Turancin bariki, inda ya gaza su ƙarasa da hannu. Kullum da safe, kafin ya sa komai a bakinsa, Karimu yakan nemo wannan jarida ya bi ta da yatsa, yana neman sunan ƙauyensu. Ashe layukan da muke gani a jere ƙarƙashin hoton, sunayen garuruwa ne da na mutanen da aka tsinci gawarsu. Ranar da ya ga sunan ƙauyen, da na wani kawunsa, sai ya zauna ya yi kuka, sa'an nan ya tashi ya kama wanki yana waƙa. Yaya ya tambaye shi dalili, ya ce yanzu babu mai cewa ba a yi ba. Biyu ya saya a ranar, ya ba Yaya ɗaya.

Karimun ne ya ba shi tarihinta. Wai wasu malaman makaranta ne suka soma ta tun kafin a haife shi, a wani ɗan ɗaki bayan kasuwa, da injin da ake juyawa da hannu, don waɗanda ba su jin Turanci su ma su san abin da ake ciki da harshensu. Da farko mako-mako take fita, daga baya ta koma kullum. Ingilishi sun ci ta tara, sun taɓa rufe ta, sun ɗaure shugabanta, ta sake buɗewa. Da yunwa ta zo aka hana masu jarida rubuta kalmar yunwa, sai ita ta buga hoto ta jera sunaye, ta bar mai ido ya gani. In gardama ta kaure a rumfar mai shayi, sai a ce a kawo jarida, wanda ya iya ya karanta wa waɗanda ba su iya ba. Ba kowa ke yabonta ba. Wasu sun ce ta cika hura wuta tsakanin jama'a. Shi kansa Karimu yana da ƙorafi, ya ce ta mutanen birni ce, ba ta ga yunwa ba sai da gawa ta iso ƙofar gidajensu. Ban san iyakar gaskiyar wannan duka ba, labari ne da ya ratsa baki-baki kafin ya iso kunnena. Sunanta ma Yaya ya faɗa mana, dogo ne mai lanƙwasa harshe, muka yi ta dariya muna kwaikwayo, yau ko kaɗan ban riƙe ba. Mu dai takardar Bangala muke ce mata.

Abin da Yaya ya dawo da shi a zuciya guda ne: a yi wa namu matattun abin da aka yi wa na Karimu. A rubuta sunayensu, a ce yunwa ce, a buga, ya kai Yamai, ya kai duk inda takarda take kaiwa. Shi bai iya rubutu ba, karatunsa iyakarsa na salla. Sai ya ɗauki jaridar ya tafi wurin Liman, ya ce zai riƙa faɗa, shi yana rubutawa.

Liman tsoho ne mai sanyin hali, shi ya yi wa yawancinsu salla. Ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, “Illa, ɗana, mamaci addu'a shika so, ba tonon asiri ba. In na rubuta wane yunwa tak kashe shi, ɗiyanai su sa kansu ina? Wa za shi ba su aure?” Sa'an nan ya juya jaridar sama da ƙasa, ya rasa ta inda ake farawa, ya ce bai san abin da ke ciki ba, amma tunda daga hannun Musulmi ta fito, wataƙila da sunan Allah a ciki. Kada a ajiye ta ƙasa, kada a tsallake ta, kada a taɓa ta ba alwala. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, bai san abin da maganar za ta jawo ba.

Yaya bai haƙura ba. Ranar kasuwar Madawa na bi shi, ina da tabarmi na sayarwa. Muka zauna a inuwar biro, ofishin kumandan, har rana ta take, kafin tafintan kumandan ya fito da farar rigarsa mai maɓallai. Ya buɗe jaridar, ya ga hoton, ya yi maza ya rufe, ya waiga hagu da dama.

“Kai da kay yi ma Ingilishi soja,” ya ce a hankali, “kaz zo ƙohwar kumandan da irin wagga? Wace yunwa? Biro bai san da ita ba. Naɗe abinka ka koma gida. Ni ban gan ka ba, kai ma ba ka gan ni ba.”

Na daɗe ina jin haushin mutumin nan. Sai da na tsufa na gane alheri ya yi mana, don da takardar ta shiga ciki, da a gidan kaso Yaya zai ƙare. Muka dawo gida, tabarmina ma ban sayar ba.

Kafin nan labari ya riga ya zaga. Mutane suka yi lissafinsu, kuma ba lissafin wawaye ba ne. Samarin da aka kwasa yaƙi daga ƙasar nan, wasu ba su dawo ba, wasu sun dawo ba ƙafa. Illa ya ƙetare teku, ya shiga dajin da harsashi yake zuba, ya fito da gaɓoɓinsa cikakku. Me ke ɗaure a ƙirjinsa? Takarda. Kuma Liman da bakinsa ya ce kada a taɓa ta ba alwala. A wurinmu rubutu abu biyu ake yi da shi, ko a ɗinke shi a laya, ko a wanke a sha. Ba mu san wani na uku ba.

Ta farko wata mata ce daga Tamaske, ta zo a kan jaki da yaro wanda zawo ya tsotse, wuyansa ba ya tsayawa. Ta durƙusa a gaban Yaya.

“Baiwar Allah,” ya ce mata, “wagga ba magani ba ta. Labari na, labarin mutanen da yunwa tak kashe. Ki kai shi likita Madawa.”

“Na ji, Malam,” ta ce. “Ni dai ka ɗan yago mini, ko kamar hwarce.”

Ya sake bayani, ta sake cewa ta ji. Ya yago mata farin gefe, ta ƙi, ta ce mai rubutu take so. Yaron yana numfashi sama-sama, ita kuma ta kafe Yaya da ido. Wa zai iya hana ta? Ya juya shafin baya, inda aka zana wata kwalba, ya yaga ya ba ta. Da ta tafi ya ce mini, “Hajo, tallar man gashi nib ba ta.” Muka yi dariya, shi har tari ya sarƙe shi. Yaron nan kuwa ya tashi. Allah ne ya tashe shi, amma je ka faɗa wa mutanen Tamaske.

Daga nan ƙofarmu ba ta sake hutawa ba. Daga Galma, daga Buza, daga Keita, matan da haihuwa ta yi wa nawa, samarin da aka rubuta aikin dole, fatake, har 'yan kokawa. Yaya ba ya karɓar ko ƙwayar hatsi, ko da yake na sha ganin kajin da ban sani ba suna kiwo a bayan ɗakin Inna. Ba ya iya korar mai kuka, sai ya kafa sharaɗi: duk mai son yanki sai ya zauna ya ji sunayen tukuna. Haka za su zauna, kai a sunkuye, yana jero su, wane ɗan wane, wance ta garin kaza, yunwa, yunwa, yunwa. Baƙi sukan daure su karɓi abinsu su tafi. 'Yan gari ne ba su daure ba. Wani maƙwabcinmu, ba zan faɗi sunansa ba, yana nan da rai, ya shigo ran nan ya ce, “Ubana ciwon ciki yak kashe shi. Ka sake sa sunanai cikin waƙar ga taka, ni da kai sai gaban sarki.” Yaya ya ce, “Ni nib bizne shi. Ko nauyin damen kara bai kai ba.” Mutumin ya fashe da kuka ya fita, bai sake gaishe mu ba. A hankali aka fara cewa yaƙi ya taɓa kan Illa, ana dai ci gaba da zuwa karɓar takardarsa. Shafin talla ya ƙare, shafukan ciki suka bi, har ya rage shafin farko kaɗai, mai hoto da sunaye. Wannan ya ce ko sarki ne ya aiko ba zai bayar ba.

Tarin ya yi ta cin sa har ya kwantar da shi, ya fara fitar da jini. An yi saiwoyi, an yi rubutun Liman, an kai shi likita aka ce a mai da shi gida. Shafin yana ƙarƙashin matashinsa. Ran nan bayan la'asar ina yi masa fifita, Inna ta yi alwala ta shigo da sabuwar ƙwarya cike da ruwa, ta zauna a gefensa. Tun kafin ta buɗe baki ya gane.

“Inna, kin san ba magani ba ta.”

“Ban san komi ba,” ta ce. “Na san ɗiyan mutane sun sha sun tashi. Kowa ka ba, na Tamaske, na Buza. Ukku nir rasa cikin ɗakin ga, kai ɗai ka rage mini namiji. Ni ɗai za ka hana?”

Ya jawo shafin, ya buɗe shi a kan ƙirjinsa, ya daɗe yana duban matar nan ta cikin hoto da yaronta. Na rasa bayan wa zan bi. Shi yana da gaskiya, ita kuma uwa ce, babu sauran abin da za ta yi masa sai wannan. Ya miƙa mata.

Tawadar jarida ba irin ta allo ba ce, ba ta wankuwa. Inna ta yi ta cuɗawa har takardar ta narke ta zama dusa-dusa, ta tace da bakin mayafinta, ruwan ya fito toka-toka. Ta tallafo kansa, ta kai ƙwaryar bakinsa. Ya riƙe hannunta.

“Inna, hwaɗa mini sau guda. Mi yak kashe Baba?”

Ta dube shi, ta dubi ƙofa, inda mata masu dubiya suke zazzaune suna jin mu.

“Masassara ta,” ta ce. “Sha.”

Ya sha. Ruwan rubutu ba a zubar da shi ƙasa, don haka Inna ta zagaya da ƙwaryar, ni na kurɓa, aka ɗiga wa yaran gida, har da na bayana. Warin tsohon bargo yake yi, ba ɗaci ba zaƙi. Yaya bai ƙara mako ba. Inna ta bi shi bayan 'yan shekaru, ba ta sauya magana ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Farin da ya wuce, wanda ya share shanun Adar, ba a ɓoye shi ba. Gidan rediyo ya ce yunwa ƙarara. Manyan motocin kamyo sun zo da jar dawa, ko da yake sun iso bayan an binne waɗanda aka binne. Nasara masu jarida sun zo har Bangi da abin ɗaukar hoto rataye a wuya, suna bin yaran da suka fi rama. Na tsaya ina kallonsu, na ce ga abin da Yaya ya roƙa, yau wata mata tamu za ta zauna a shafin farko a wata ƙasa. Sai dai ban ji sun tambayi sunan kowa ba. Ƙirga mu suka yi, suka shiga mota. Mu kuma, da abin ya lafa, na bi gidajen gaisuwa, duk inda na tambaya sai a ce kumburi ne, ciwon ciki ne.

Da ya ji akwai jarida da Hausa a Madawa, na san da ƙafa zai tako ya ga injin, ya shafa shi. Zai sa a karanta masa daga farko har ƙarshe, allurar shanu, yadda ake zuba taki, zuwan manya da komawarsu, yana gyaɗa kai. In an gama zai ce, to, ina mutanen? Ita kuwa takardar Bangala sunanta bai mutu ba. Akwai layunta a wuyan jikokin waɗanda suka karɓa, fatar ta yi baƙi don maiƙo, ana gadonsu kamar gona. Har na jabu an yi, na ji ana sayarwa a kasuwar Tamaske. Ko jaridar tana nan da rai a ƙasarta, ko an rufe ta, ban sani ba. Masu ita ba su san cewa a wani lungu na duniya sun yi suna a maganin zawo da taurin haihuwa ba. Wani lokaci abin yakan ba ni dariya, wani lokaci in rasa inda zan sa kaina.

Da na iya haɗa haruffa, abin da na fara niyya shi ne in zauna in rubuta sunayen. Na ji su daga bakinsa ba adadi, a gona, a gindin gawo, a gaban masu neman yanki. Na ɗauki alƙalami, sai na iske sun tsiyaye. Muryarsa tana kunnena, har da yadda yake jan numfashi a tsakani, amma sunayen baƙin nan na arewa babu ko ɗaya, kuma ba wanda ya san su sai shi. Na 'yan gari na riƙe kaɗan. Na bi gidajensu ina neman izini, aka ba ni ruwa, aka gaishe ni da mutunci, kowa ya ce in bar musu mamacinsu ya huta. Ba zan yi musu dole ba, a cikinsu nake zaune, su ne za su binne ni. Abin da ya rage na Yaya Illa ke nan, layu da ba abin da ya nufa ba, da tsohuwar ƙanwa da ta iya rubutu bayan abin rubutawa ya gudu daga kanta. Raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna, kuma ba ni da yadda zan yi.

Saura uku, waɗanda ba sai na nemi izinin kowa ba. Mushe ya yi mini alkawari ba zai taɓa ko wasali ba.

Abdu ɗan Mahaman, manomi, ubanmu. Sa'a, mai bi mini, wadda take tsoron akuya. Da Ali, ɗan auta, wanda bai kai ga yaye ba.

Yunwa ce ta kashe su. Inna, ki yafe mini.